A Gina Zango Kafin A Sayo Motar Lantarki

Tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, zancen mota mai aiki da lantarki ya fito daga ɗakunan taro ya shiga tashoshin mota. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 a garuruwan Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta taɓa naira 1,000 har da ɗoriya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne don direba ya kasa kunne in an ce masa ga wata mota da ba ta shan mai ko ɗigo. Amma duk inda aka ta da wannan zance, a tashar Talata Mafara ne, ko Bakura, ko Maradun, ko garin Kaya, akwai tambayar da takan riga kowace fitowa: tafiyar kilomita nawa motar za ta yi kafin caji ya ƙare, in kuwa ya ƙare a tsakiyar daji, ƙaƙa ke nan?

Waɗansu masu ilmin zamani sukan ɗauki wannan tambaya a kan ƙauyanci, ko kuwa tsoron sabon abu kurum. Wannan kuskure ne babba. Tambaya ce ta mutumin da ya san hanya, ya san nauyin rayukan da yake ɗauke da su, ya kuma san cewa motar nan da bashi aka sayo ta, ko kuwa ta maigida ce da za a kai wa balas da yamma. Ra'ayin wannan jarida shi ne, fargabar direba tana da tushe, kuma duk hukumar da take so motar lantarki ta zauna da gindinta a wannan yanki, lalle ne ta fara amsa wannan tambaya tun kafin ta sa hannu a takardar sayen mota ko guda.

Da farko dai ya kamata a sani wannan fargaba ta girmi motar lantarki ta zamanin nan. A cikin watan Agusta na 1888, wata mata a ƙasar Jamus mai suna Bertha Benz, matar Carl Benz wanda ya ƙera ɗaya daga cikin motocin farko masu amfani da mai, ta tuƙa motar mijinta tafiyar kimanin kilomita 106 daga Mannheim zuwa Pforzheim. Lokacin nan babu gidan mai ko ɗaya a duniya. Da man ya ƙare mata sai da ta shiga kantin magani a wani gari mai suna Wiesloch, ta sayi wani irin mai da ake goge dattin tufafi da shi, sa'an nan ta ci gaba da tafiya. Abin da ya kashe wa direbobin wancan zamani fargaba shi ne yawaitar gidajen mai a kan hanyoyi, har ya zama mutum ba ya ko tunanin inda zai sha. Motar lantarki tana kan wannan mataki ne yanzu a ƙasar nan.

Masu ƙera motoci su kansu sun daɗe da gane cewa wannan fargaba ita ce babban abin da ke hana ciniki. Kamfanin General Motors na Amurka ya fito da wata mota mai suna Chevrolet Volt a ƙarshen 2010 musamman don maganin wannan damuwa. Batirinta yana kai ta kimanin kilomita 56, in ya yi ƙasa sai wani ƙaramin inji mai amfani da fetur ya tashi ya ci gaba da ba ta wuta. Abin alfahari kuwa shi ne, wanda ya zana siffar samfurin farko na motar nan ɗan Nijeriya ne, ɗan asalin Sakkwato, watau Malam Jelani Aliyu, wanda daga baya ya shugabanci Hukumar Tsarawa da Bunƙasa Ƙirar Motoci ta Ƙasa, NADDC, daga 2017 zuwa 2023. A zamaninsa ne hukumar ta buɗe tashar cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato cikin watan Afrilu na 2021. A zamaninsa ne kuma aka fito da Hyundai Kona, motar lantarki ta farko da aka harhaɗa a ƙasar nan, a masana'antar kamfanin Stallion da ke Legas, ƙarshen 2020.

To, motar nan Kona ta isa misali wajen fahimtar abin da ake nufi da nisan zango. Batirinta yana ɗaukar wuta kilowat-awa 64, watau abin da masu mita a gida suke kira yunit 64. Da aka gabatar da ita an ce tana iya yin kilomita 482 a caji ɗaya. Ba a ce ƙarya aka yi ba, amma fa wannan adadi a wurin gwaji ake samo shi, cikin yanayi mai sauƙi, ba lodi, ba gargada, ba a kunna na'urar sanyaya mota ba. Hanyar Allah kuwa daban take. Gudu yana cin wuta ainun, domin ƙarfin iskar da take tokare mota yana ninkuwa har sau huɗu in an ninka gudu sau biyu. Lodi yana ci, taya marar isasshiyar iska tana ci, burji da yashi da taɓon damina suna ci. Na'urar sanyi a watan Afrilu, sa'ad da zafi yake haura digiri 40 a wannan yanki, ita ma da nata rabon. Bugu da ƙari, batir yana tsufa, kuma zafi mai tsanani yana gaggauta tsufansa. Motar da ta shekara biyar a hanya ba za ta yi abin da ta yi ranar da aka ɓare ta a leda ba.

A auna wannan da hanyar da kowa ya sani. Daga Gusau zuwa Sakkwato, ta Bunguɗu da Maru da Talata Mafara da Tureta da Dange, tafiya ce ta kilomita 200 da 'yan kai. Zuwa da dawowa ya haura 400 ke nan. A bisa takarda motar da aka ce tana yin 482 za ta je ta dawo har da saura. A bisa gaskiya kuwa, in ta ɗauki fasinja da kaya, ta yi gudu irin na direbobin haya, zuwa za ta yi lafiya lau, amma dawowar sai an sami inda za a ƙara mata wuta. Ma'aikacin gwamnati da aka aika Sakkwato da safe da niyyar ya kwana a Gusau, wannan lissafi shi ne zai hana shi sukuni tun daga Shuni. Idonsa zai koma kan adadin da yake raguwa a gaban sitiyari maimakon kan hanya, wannan ma wani haɗari ne na daban.

Wani zai ce ai motar fetur ma tankinta yana ƙarewa. Haka ne, sai dai akwai bambanci iri biyu. Na ɗaya, lokaci. Cika tanki aikin minti biyar ne. Cika batir mai yunit 64 daga soket na gida yana iya cin kusan awa 30, da na'urar caji ta bango wajen awa tara da rabi, sai da babbar na'ura mai saurin caji ne ake kai shi kashi 80 cikin 100 a cikin kamar awa guda. Na biyu, fetur ana iya ɗaukarsa a jarka. In mai ya ƙare wa direba a hanya yakan aiki yaron mota a kan babur ya nemo 'yan bumburutu, ya sayi galan guda da tsada, ya ƙarasa gari. Wutar lantarki kuwa ba a zuba ta a galan. Motar da batirinta ya mutu a daji sai dai a jawo ta, ko a ɗauko ta a bayan wata.

A nan ne lamarin ƙasar Zamfara ya sha bamban da na Turai. Baturen da caji ya ƙare masa a hanya ya yi asarar lokaci ne da kuɗin mai jan mota. Direban da motarsa ta tsaya da magariba a dajin da ke tsakanin garuruwan Maradun da Bakura, ransa da na fasinjansa ne a kan siraɗi. Mutanen Kaya ba su manta da ranar 1 ga watan Satumba na 2021 ba, da 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo da ke garin, suka tafi da ɗalibai 73 bisa ƙidayar 'yan sanda, waɗanda Allah ya kuɓutar daga baya. Wanda ya rayu a irin wannan hali, ba wanda zai koya masa darajar isa gida kafin rana ta faɗi. In ya ce ba zai hau motar da bai tabbatar da zangonta ba, hankali ne ya yi magana.

Shekarar nan ta 2021 ta kuma bar wani darasi da ya shafi wannan batu kai tsaye. Cikin matakan tsaron da Gwamnatin Jihar ta ɗauka a lokacin, an hana sayar da fetur a jarka, an taƙaita gidajen man da za su buɗe zuwa Gusau da hedkwatocin ƙananan hukumomi, an rufe kasuwannin mako-mako, sa'an nan aka katse layukan wayar tarho a faɗin Jihar. Ashe ke nan direban Kaya da ɗan kabu-kabunta sun riga sun ɗanɗana fargabar ƙarewar guzuri a hanya, sun auna kowace tafiya da abin da ya rage a tanki, alhali ko motar lantarki ba su taɓa gani ba. Abin lura na biyu shi ne, yawancin tashoshin caji a ƙasashen waje da wayar hannu da intanet ake nemo su, da su kuma ake biya. Duk tashar da za a kafa a yankin da aka taɓa kashe layin waya na makonni, wajibi ne ta iya aiki ta kuma karɓi kuɗi hannu ko da babu sabis.

Sai kuma uwar matsalar, watau wutar kanta. Jihohin Zamfara da Sakkwato da Kebbi suna samun lantarki ne ta hannun kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma suna can ƙarshen dogon layi. Cikin watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, wani layin kuma ya sami matsala, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Da a ce motocin hayar wannan yanki duka da wutar babban layi suka dogara a makon nan, da ba wanda ya kai majiyyaci asibiti, ba wanda ya kai buhun gero kasuwa. In kuwa aka ce a yi caji da janareta, an koma gidan jiya, domin man da aka guje wa shi za a ƙona ta bayan gida.

Duk da haka, kada wannan ya sa a yanke ƙauna, domin an ga yadda fargabar take raguwa a wuraren da motar ta yawaita. A 2024 an sayar da motocin lantarki fiye da miliyan 17 a duniya, a ƙasar Norway kuwa kusan tara daga cikin kowace sabuwar mota goma ta lantarki ce a shekarar. Direbobin can ba su fi na nan ƙarfin hali ba. Abin da ya faru shi ne sun koyi halin motar, sun kuma canja tsarin tafiyarsu. Wanda ya saba yakan bar al'adar jira sai allura ta kwanta kafin a nemi gidan mai. Yakan sa motar a caji kowane dare kamar wayar hannu, ya wayi gari da abin da ya ishe shi. Yakan riƙe batir tsakanin kashi 20 da kashi 80 a hidimar yau da kullum don ya daɗe, sai ranar doguwar tafiya ya cika shi. Yakan ware wani kaso da ba ya taɓawa, ya ɗauke shi kamar babu. In ya ga lissafi ya matse sai ya sassauta totur, domin rage gudu shi ne hanya mafi sauƙi ta ƙara nisan zango. Yakan kuma saki totur da wuri kafin mahaɗa ko gangara, domin motar lantarki tana maida wani abu cikin batir duk sa'ad da take rage gudu.

Akwai wani abin da ya faru a ƙasar Japan wanda ya cancanci masu tsara manufa su yi nazarinsa. Kamfanin wutar lantarki na Tokyo ya ba ma'aikatansa motocin lantarki don aiki, sai aka lura ba sa nisa da su, suna dawo da su ofis da fiye da rabin caji. Wajen 2008 da kamfanin ya ƙara kafa na'ura mai saurin caji a yankin, sai ma'aikatan suka shiga yin nisa ƙwarai da motocin nan dai, suna dawowa da caji kaɗan, alhali ba kasafai suke tsayawa a sabuwar na'urar ba. Sanin cewa tana nan shi kaɗai ya kwantar musu da hankali. Wannan ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar Hausa. Madugun fatake a zamanin da ba ya ta da ayari sai ya san inda kowace rijiya take, da inda za a yada zango, da garin da za a sami harawa. Ƙarfin jaki bai taɓa zama abin dogaronsa shi kaɗai ba. Direban yau jikan madugu ne, kuma abin da yake nema a wurin hukuma shi ne rijiya a kan hanya.

Me zai sa a sha wannan wahala duka? Amsar tana cikin aljihu. A ɗauki farashin ƙarshen 2024. Wutar masu rukunin farko, watau mafi tsada, tana kan naira 209 da 'yan kwabbai kowane yunit, don haka cika batir mai yunit 64 zai ci wajen naira 13,500, a ce 15,000 in an haɗa da wutar da take salwanta wajen caji. In aka ƙaddara motar ta yi kilomita 350 da wannan, motar fetur mai cin lita guda a kilomita 10 za ta sha lita 35 a wannan tafiya, watau kimanin naira 35,000 a kan naira 1,000 kowace lita. Ga shi kuma babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa. Ragowar nan ita ce bambancin da ke tsakanin direban da yake kai cefane gida da wanda yake yi wa gidan mai bauta. Gwamnatin Tarayya ma ta ɗauke wa motocin lantarki harajin kayan masarufi cikin watan Oktoba na 2024. Amma sayen motar da farko yana da tsada, sauya batir kuma ya fi kowane gyara tsada, saboda haka ba a yi wa talaka adalci ba in aka gaya masa ribar aka ɓoye masa wannan.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a fara daga inda fargabar ta fi ƙaranci, watau gajeren zango. Maiduguri ta nuna misali. A can ne Mustapha Gajibo ya shiga juya ƙananan bas-bas zuwa masu aiki da batir da hasken rana don jigilar cikin gari, a can ne kuma Gwamnatin Jihar Borno ta shigo da motocin haya na lantarki, waɗanda Shugaban Ƙasa ya ƙaddamar tare da waɗansu masu amfani da iskar gas cikin watan Disamba na 2023. Motar da take kewaya gari ɗaya, take komawa tasha ɗaya ta kwana, direbanta ba ya kwana da zullumi. A yankin Kaya kuwa, abin hawan da ya fi ɗaukar jama'a babur ne da a-daidaita-sahu, daga ƙauye zuwa gona, zuwa asibiti, zuwa kasuwar Talata Mafara. Batirin babur yunit biyu zuwa huɗu ne galibi. A biranen Kigali da Kwatano 'yan kabu-kabu ba sa ma jiran caji, sukan shiga rumfa su ajiye batirin da ya ƙare su ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci. Wannan tsari shi ne ya fi kusa da shan mai a gidan mai, shi ne kuma ya fi dacewa da mai neman na abinci a wuni.

Wutar da za a yi wannan da ita tana bisa kan kowa. Faranti guda na hasken rana mai ƙarfin wat 500 yana iya tara wajen yunit biyu da rabi a wuni a irin wannan yanki. Watau faranti guda ko biyu sun isa babur, ashirin da biyar kuwa sun isa cika mota irin Kona a wuni. Rumfar faranti a tashar mota za ta ba da inuwa ta kuma ba da wuta, in an haɗa ta da batirin ajiya za ta yi aiki ko babban layi ya faɗi. Ga kuma madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978, aka kuma tsara ta da ƙaramar tashar lantarki mai ƙarfin megawat 3. In irin wannan tasha tana aiki da cikakken ƙarfinta, wutar awa guda ta isa cika motoci fiye da 40. Dokar Lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofa su tsara harkar wutarsu da kansu, don haka ya kyautu Gwamnatin Jihar da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima su zauna su duba yadda jama'ar da suka ba da gonakinsu aka yi madatsar za su ci wannan moriya.

Bisa ga waɗannan dalilai, ga abubuwan da ya kamata a yi, kuma a bi su daki-daki. Na farko, kada wata ma'aikata ko ƙaramar hukuma ta sayi motar lantarki sai ta nuna a rubuce inda za a yi mata caji, da wanda zai gyara ta, da inda za a samo kayan gyaran. Harabar ofisoshin ƙasar nan ta isa shaida a kan abin da yakan sami injin da aka sayo ba tare da wannan tanadi ba. Na biyu, a kafa tashoshin caji masu hasken rana a cikin gari, inda akwai jama'a da jami'an tsaro, a Bunguɗu da Maru da Talata Mafara da Maradun da Bakura, yadda tsakanin wata da wata ba zai zama abin fargaba ba. Tasha guda da take aiki kullum ta fi goma da aka yanke musu ƙyalle aka watsar, domin direban da ya isa tasha da ragowar caji ya tarar ta mutu, ba shi kaɗai zai juya wa motar baya ba, har da duk wanda ya ji labarinsa a tasha.

Na uku, a tilasta wa dillalai faɗin gaskiya. Duk motar da za a sayar a nan, a gwada ta a hanyar nan, da lodi, da zafin bazara, a rubuta abin da ta yi da Hausa a manna a jikinta. Wannan ya fi zama dole ga motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje, domin jikin mota yana iya sheƙi alhali batirinta ya tsufa. Kamfanoni da yawa suna ba da lamunin shekara takwas ko kilomita 160,000 a kan batir, ya kamata mai saye ya san abin da ya rage masa a ciki. Na huɗu, a jawo Ƙungiyar Direbobi ta Ƙasa, NURTW, da ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu da masu a-daidaita-sahu cikin shawara tun daga tushe. Su ne suka san inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa, da lokacin da hanya take mutuwa. Na biyar, a tanadi motar agaji mai jan wadda ta tsaya, da lambar da za a kira. Motocin ɗaukar majiyyata da na jami'an tsaro kuwa, kada a yi gaggawar juya su sai an ga zangon ya kafu.

Ɗalibai ma suna da nasu aikin. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara duka a Talata Mafara suke, Jami'ar Tarayya kuma tana Gusau. Babu abin da zai hana ɗaliban injiniya su ɗauki babur ɗin lantarki guda, su auna abin da yake ci a kwalta da burji, da rani da damina, da fasinja ɗaya da biyu, su buga sakamakon yadda ɗan kabu-kabu zai karanta ya gane. Irin wannan bincike ya fi wanda ake kwafowa daga tsofaffin kundaye amfani nesa ba kusa ba. Haka kuma batirin mota yana ɗauke da wuta mai ƙarfin da zai iya kisa, saboda haka makanikan bakin titi suna bukatar horo kafin motocin su iso garejinsu, kuma makarantun nan su ne ya kamata su ba da shi.

Motar lantarki tana tafe, ko an shirya ko ba a shirya ba, domin masu ƙera motoci na duniya can suka dosa, ƙasar Habasha ma ta hana shigo da ƙananan motoci masu amfani da fetur tun 2024. Abin da ya rage ga hukumomi shi ne su zaɓi yadda za ta iso: ko ta zo ta tarar da zango a shirye, ko ta zo ta zama wani tarkacen da za a jibge a bayan sakatariya. Direban Kaya bai ƙi ci gaba ba. Abin da yake so shi ne ya fita da safe da tabbacin zai dawo wa iyalinsa kafin duhu. Ranar da aka ba shi wannan tabbaci, ba sai an roƙe shi ya karɓi makullin ba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba shugabanni ikon sa kowane abu a muhallinsa.